Gidan Abinci da Ɗakunan Kwanan Wata Makaranta a Maradi: An Ga Inuwa, Ba a Ga Littafin Wakafi Ba

Shekara biyu ke nan 'yata ta fari tana karatu a wata babbar makaranta mai zaman kanta da ke gefen garin Maradi, kuma tun zangon farko na yanke shawarar biya mata kuɗin ɗakin kwana da na abinci a cikin makarantar, saboda da na lissafa kuɗin kabu-kabu na zuwa da dawowa daga unguwarmu, sai na ga sun kusa kamo abin da za a biya a wata. Ba zan ambaci sunan makarantar ba, domin akwai ƙorafi a cikin abin da zan faɗa, kuma har yanzu yarinya tana hannunsu. Abin da ya sa na ga ya dace a yi wa wannan hidima sharhi shi ne, makarantar tana tallata kanta da abubuwa biyu da ba kasafai makarantunmu ke alfahari da su ba. Tana cewa tana kiyaye muhalli wajen girkinta da wutarta da ruwanta, tana kuma cewa akwai wakafin da wani attajiri ya bari kafin rasuwarsa, wanda da amfaninsa ake rage wa ɗalibai tsadar abinci, ake kuma ɗaukar nauyin 'ya'yan marasa ƙarfi. Ni kuwa na yi shekaru ina riƙe wa wata ƙungiyar manoma littafin shiga da fita, don haka duk inda aka ce mini ana aiki da dukiyar amana, takarda idona yake fara nema.

Gidan abincin, wanda ɗalibai ke kira resto, doguwar rumfa ce mai rufin kwano da aka yi wa shimfiɗar zana a ƙarƙashi don rage zafi, kuma ana barin iyaye su sayi tikiti su ci, abin da na yi sau da yawa ba tare da na sanar da kowa zuwana ba. Ɗalibi yana biyan dala sittin (dala ɗaya sefa biyar ce) a faranti, baƙo kuma dala ɗari, wato kusan abin da mai abinci a bakin titi za ta karɓa. Da rana yawanci shinkafa da wake ne da mai da yaji, ko dambu da zogale, da dare kuma tuwo da miyar kuka ko ta kuɓewa, ranar Juma'a ce kaɗai ake ganin nama a fili. Abincin yana da tsabta kuma yana ƙosarwa, miyar tana jin daddawa yadda ya kamata, man gyaɗar da ake zubawa a shinkafa ba gauraye ba ne. Aibinsa shi ne maimaici, har 'yata takan ce mini, "Baba, ko ba mu duba allo ba mun san abin da ke cikin tukunya." Wannan ƙorafi ne na wanda ya ƙoshi, ban kuma ɗauke shi da nauyi ba.

Abin da ya fara burge ni shi ne rashin leda. A faranti na ƙarfe ake zuba abinci, wanda yake so ya tafi da nasa ɗaki sai ya zo da kwanonsa, ruwan sha kuma yana cikin manyan randuna huɗu da aka jera a kan yashi mai laima a gefen rumfar, kowace da murfi da moɗa mai dogon hannu, kowane ɗalibi da kofinsa. Na sha ruwan a tsakiyar watan Afrilu, lokacin da zafin Maradi ke haura digiri 40, na same shi da sanyin da ya wadatar. Tun shekarar 2014 Nijar take da dokar da ta hana ƙerawa da shigowa da sayar da leda mara kauri, amma duk wanda ya ratsa babbar kasuwa ya san inda dokar ta kwana. Mahauta suna ciro dunƙulen leda daga tumbin awaki, magudanan ruwa kuma suna toshewa da ita, kuma mutanen garin nan ba su manta da ruwan ƙarshen watan Agustan 2024 ba, wanda ya rusa gidaje ya kuma ci rayuka. Saboda haka wurin da ɗaruruwan matasa ke cin abinci sau biyu a rana ba tare da an yar da leda ko ɗaya ba ya cancanci yabo. Sai dai ranar bikin yaye ɗalibai na ga an sauke buhunan ruwan leda daga mota don baƙi, washegari kuma filin taron ya yi fari fat. Da alama hukumar makarantar tana ganin randa ta ɗalibai ce, ba ta dace da manyan baƙi ba, alhali a wannan rana ce ya kamata a nuna wa gari abin da aka iya.

A kicin ne na sami saɓani na farko tsakanin talla da zahiri. Takardar da ake raba wa iyaye ta ce makarantar ta rabu da itace ta koma gas. Da na leƙa bayan rumfar sai na tarar da butalan gas guda biyar, da kuma tulin itace da ya kai ƙirjina. Na gaida shugabar masu girki, dattijuwa ce mai fara'a, na ce, "Hajiya, ashe ba ku daina hura wuta ba?" Ta yi dariya ta ce, "Alhaji, miya da shayi da suya a gas muke yi, amma ku zo ku tuƙa tuwon mutum ɗari biyu a kan wannan ɗan murhun mu gani." Ta nuna mini murhunan da aka gina musu da laka, masu ƙofa ɗaya, waɗanda tukunya ke nutsewa a ciki har wuya, ta ce tun da aka gina su amalanken itace ɗaya yana kai su kwanakin da a da sai biyu. Na yarda da ita, domin murhun duwatsu uku iska ce ke kwashe yawancin zafinsa. A ganina abin da suke yi daidai ne da halin da ake ciki, tun da gas ɗin da ake samu daga matatar Zinder, wadda ta fara aiki a 2011, yakan yanke a wasu lokuta, kuma kicin irin wannan ba ya jiran layi. Laifin na mai rubuta takardar ne, wanda ya ga gaskiyar ba ta yi masa ƙyalli ba. Da ya rubuta cewa an rage cin itace da rabi, da ya faɗi abin da za a iya aunawa, kuma da mun san cewa dazuzzukan kudu irin na Baban Rafi, inda itacen garin nan da yawa ke fitowa, sun ɗan sami sauƙi daga wannan gida. Ragowar abinci kuwa ba ya lalacewa: ƙanzo ana shanya shi, abin da ya saura mai kyau ana ba almajirai da zafinsa, ɓawon albasa da toka da ganye kuma ana zubawa a rami ana yin taki.

Inda makarantar ta fi ƙarfi, a nawa gani, shi ne itatuwa, kuma wannan aikin mutum ɗaya ne, wani tsoho mai gadi da ya zo daga wajen Agye, wanda aka ɗora wa kula da fili a kan gadinsa. Kowa ya san yadda ake yi ranar 3 ga Agusta, ranar dashen itace da ƙasar nan ke yi tun zamanin Seyni Kountché: a zo da 'ya'yan itace a leda, manya su tsuguna a ɗauki hoto, a zuba ruwa da butar ƙarfe, kafin bazara awaki da ƙishirwa sun gama da yawancinsu. Shi wannan tsoho bai dogara da dashe ba. Filin makarantar gona ce a da, kuma ƙarƙashin ƙasa cike yake da kututturan kalgo da sabara da gawo da aduwa masu rai, waɗanda kowace shekara suke toho. Na tsaya na kalli yadda yake yi wata safiya. Ya tsuguna gaban wani kututturen kalgo da ya fitar da rassa kamar goma sha biyu, ya duba su ɗaya bayan ɗaya, ya zaɓi uku mafi miƙewa da ƙarfi, ya sare sauran da wuƙa mai kaifi yana yanka daga ƙasa zuwa sama don kada ɓawon ya yage, sannan ya share ƙananan rassan da ke jikin ukun har kusan rabin tsawonsu, ya ɗaura ɗan jan ƙyalle don masu yankan ciyawa su san an hana. Na ce masa, "Baba, wa ya koya muku wannan?" Ya ce, "Sassabin zamani ne, a gonar mahaifina na tashi na ga ana yi."

Wannan sassabin zamani ɗan ƙasar Maradi ne, kuma abin kunya ne a ce ɗalibanmu sun fi jin labarinsa daga bakin Turawa. A shekarar 1983 ne Tony Rinaudo, wani ɗan ƙasar Ostareliya da ke aikin gandun daji a wannan yanki, ya lura cewa abin da ake ɗauka ƙananan ciyayi ne a gonaki toho ne na itatuwan da aka sare, waɗanda saiwoyinsu ke nan da rai, manoma kuma suka karɓi dabarar suka yaɗa ta daga ƙauye zuwa ƙauye, musamman bayan yunwar 1984. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da itatuwa kusan miliyan 200 a kan hekta kusan miliyan 5 a kudancin Nijar, akasari a jihohin Maradi da Zinder. Hikimar a bayyane take, domin kututture yana da saiwar da ta riga ta kai ga laima, ba ya bukatar ban-ruwa ko kuɗin sayen iri. Gawo kuma, wanda shi ne sarkin wannan aiki, yana zubar da ganyensa da damina ya fitar da sabo da rani, don haka inuwarsa tana zuwa a daidai lokacin da ɗalibi ya fi bukatarta. Yanzu tsakanin ɗakunan kwanan 'yan mata da azuzuwa akwai hanya mai inuwa da ake iya bi da ƙarfe biyu na rana, kuma na tarar da ɗalibai suna bitar karatu a ƙarƙashinta a kan tabarmi. Jerin bedi, wato dogon yaro, da ke bakin katanga kuwa da ruwan alwala ake shayar da shi, domin an ja ƙaramar kwata daga wurin alwalar masallaci zuwa gindinsu, haka ma ɗan lambun zogalen da ake tsinkowa don dambu. Duk wannan bai ci kuɗin kirki ba, kuma ban ga sunan tsohon ko hotonsa a takardar talla ba.

Wuta da ruwa su ne suka ci kuɗi, kuma a nan ne damuwata ta fara. Makarantar tana da rijiyar burtsatse da injin sola ke jawo ruwanta zuwa shato, wato tankin ruwa na sama, kuma wannan ɓangare yana aiki lafiya, tun da injin yana aiki ne da rana kai tsaye, ruwan da ke sama kuma shi ne ajiyar dare. A kan rufin ɗakunan kwana akwai allunan sola da ke cajin batura don fitilu da fanka. Lokacin da Najeriya ta yanke wa Nijar wutar lantarki a watan Agustan 2023, bayan juyin mulkin 26 ga Yuli, waɗanda suka riga 'yata shiga sun ce ɗakunan kwanan nan na daga cikin wuraren da ake ganin haske da dare a wannan gefen gari, har mutanen unguwa suna kawo wayoyinsu caji. A shekararta ta farko fanka tana kaiwa asuba. A bazarar da ta wuce kuwa ta kira ni ta ce, "Baba, ƙarfe ɗaya na dare take tsayawa, sai mu fito da tabarmi tsakar gida." Allon sola yana iya yin shekara ashirin ko fiye yana aiki, amma batirin darma irin wanda suka saka 'yan shekaru kaɗan yake yi, zafi kuma yana rage masa kwana, ɗakin da aka ajiye su kuwa ba shi da ko tagar kirki. Da hunturu na ɗaga kai na ga allunan sun yi ja da ƙura, alhali goge su da tsumma da ruwa sau ɗaya a mako aikin rabin awa ne, kuma ƙura tana rage wutar da suke bayarwa.

Abin da ya fi tayar mini da hankali shi ne matattun batura guda shida da na gani an jingine a bayan sito, a kan ƙasa, ɗaya ya tsage har ruwansa ya yi wa yashi farin tabo, taku kaɗan daga ramin da ake ƙona shara. Darma guba ce, kuma maƙwabtanmu na Zamfara sun ɗanɗana ta a 2010, lokacin da ƙurar duwatsun zinari masu darma ta kashe ɗaruruwan yara. Makarantar da ta hana leda a faranti bai kamata ta bar wannan a inda ruwan damina zai wanke shi zuwa lambu ba. Na yi magana, kuma cikin adalci zan ce bayan mako biyu an ɗauke su an ɗora a kan katako a cikin sito. Da na tambayi mai kula da wuta yaushe za a sayo sababbi, sai ya ce, "Sai kuɗin wakafi sun fito." Daga wannan amsa na fahimci cewa fankar da ke kan 'yata da littafin da ban taɓa gani ba igiya ɗaya ce ta ɗaure su.

Wakafi ba baƙon abu ba ne a wurin Musulmi, ko da yake a ƙasar Hausa mun fi saninsa a masallaci da rijiya da maƙabarta. Asalinsa sananne ne: Sayyidina Umar ya sami gona a Khaibar, ya nemi shawarar Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aka ce masa ya tsare asalin ya yi sadaka da amfanin, shi kuma ya shardanta cewa ba a sayar da ita, ba a kyautar da ita, ba a gadonta, ya kuma fayyace waɗanda za su ci amfaninta da abin da ya halatta ga mai kula da ita. Da irin wannan dukiya aka riƙe cibiyoyin ilimi irin su Ƙarawiyyin ta birnin Fas a Maroko, wadda Fatima al-Fihri ta assasa a shekarar 859, da Azhar ta Alƙahira, tsawon ƙarnoni. A nan gida ma Jami'ar Musulunci ta Say tana da wakafinta, kuma a 2019 Nijar ta yi dokar da ta tsara sha'anin wakafi, aka kuma kafa hukuma ta musamman don kula da shi. Abin lura a kissar Umar shi ne, tun ranar farko an san mene ne dukiyar, an san sharuɗɗanta, an san wa ke riƙe da ita. Mu kuwa iyayen ɗaliban wannan makaranta abin da muka sani jita-jita ce: wasu sun ce shaguna ne a kasuwa, wasu sun ce har da gidan haya da gona a bakin gulbi.

Na je ofishin ma'aji da kaina, ya karɓe ni da mutunci, ya sa aka kawo shayi. Na ce masa, "Malam, ina so in ga rahoton wakafi na bara, ko da shafi ɗaya ne." Ya ce, "Alhaji, ai wannan yana hannun kwamiti." Na tambayi su wane ne kwamitin, ya ce dattawa ne masu amana da iyalin marigayi suka zaɓa. Na tambayi ko ɗalibai nawa wakafin ya ɗauki nauyinsu bana, na kuma bayyana cewa adadi nake nema, ba sunaye ba, sai ya ce suna da yawa, alhamdu lillahi. Daga ƙarshe ya yi murmushi ya ce, "Alhaji, abin alheri ne, a bar kaza cikin gashinta." A taron iyaye na ƙarshen shekara na sake ɗaga maganar a gaban shugaban makaranta, shi kuma ya tashi ya rubuta lamba ɗaya a allo, ya ce wannan shi ne abin da wakafi ya zuba a makaranta, aka yi tafi, kafin a tashi kuma wani ya goge allon. Lamba ɗaya ba lissafi ba ce. A ƙungiyar manoman da na yi wa aiki, inda yawancin mambobi ba su yi boko ba, kowace kaka sai mun karanta shiga da fita da babbar murya a gindin bishiya, buhu nawa ya shigo, nawa aka sayar, nawa ya lalace, kuma tsoffin da ba su iya riƙe alƙalami ba sukan kama kuskuren dala biyar.

Ina so a fahimce ni da kyau, ban ga alamar an ci ko tamma ɗaya ba, kuma farantin dala sittin shaida ne cewa wani kuɗi yana shigowa daga wani wuri yana cike giɓi. Na kuma san hujjojin masu son a yi shiru, ba kuma na raina su. Addini ya yabi sadakar da aka ɓoye, al'adarmu tana ƙyamar tallata dukiya, iyalin marigayi suna iya jin tsoron hassada da 'yan uwa masu neman a raba, kuma a wannan zamani da masu satar mutane ke addabar ƙauyukan iyaka ta wajen Madarumfa da Gidan Rumji, ba kowa ne zai so a san yawan abin da ke hannunsa ba. Amma duk waɗannan dalilai suna kare sunan mai bayarwa ne da adireshin shagunan, kuma babu wanda ya nemi a bayyana su. Da zarar mutum ya yi wakafi dukiyar ta fita daga hannunsa da na magadansa, waɗanda ke riƙe da ita kuma wakilai ne, ɗalibai su ne masu haƙƙi. Ayar da ta fi kowace tsawo a Alƙur'ani, a cikin Suratul Baƙara, umarni ce da a rubuta bashi a kuma kafa shaidu, a tsakanin mutanen da suka fi mu amana. Rubutun yana kare mai riƙon ne kafin kowa, domin yau dattawan kwamiti suna raye ana ganin girmansu, gobe kuwa 'ya'yansu ne za su amsa tambayar da babu takardar amsa ta.

Akwai kuma tambayar da ta haɗa wakafin da maganar muhalli kai tsaye, wato ina ake juya kuɗin. Jami'ar Harvard ta Amurka tana da asusun ajiya irin wannan da ya haura dala biliyan 50 na Amurka, kuma kowace shekara tana fitar da rahoton kuɗinta. Ɗalibanta sun yi shekaru suna matsa mata lamba a kan hannun jarin da take da shi a harkar man fetur da gas da kwal, har a watan Satumban 2021 ta sanar cewa za ta janye daga irin wannan jari. Ba ina kwatanta shagunan kasuwar Maradi da wannan tarin dukiya ba ne, kuma ban ce abin da ya dace da su shi ya dace da ƙasarmu Nijar, wadda ta fara fitar da ɗanyen manta waje a 2024, ba. Abin da na ɗauka daga labarin shi ne, waɗancan ɗalibai sun iya yin gardama ne saboda akwai alƙaluman da za a yi gardama a kansu. Idan rarar kuɗin wakafinmu ana ba wani ɗan kasuwa ne ya juya, ya kamata a san ko hatsi yake saye, ko gawayi yake tarawa, ko dilan leda yake shigowa da su daga Jibiya, domin zai zama abin dariya a hana leda a resto da ribar sayar da leda a kasuwa. Haka nan ya kamata a san ko ana ware wani kaso duk shekara don gyara, tun da wanda ya sayi batir ya san ranar mutuwarsa tana tafe, kuma malamai sun yi bayani cewa gyaran abin da aka yi wakafi yana gaba da rabon amfaninsa.

Ga uban da ke tunanin kawo ɗansa ko 'yarsa, zan ce abincin ya fi kuɗinsa, ruwan sha wadatacce ne, tsakar gidan kuma tana da inuwa da tsabtar da ba a cika samu ba a irin waɗannan wurare, amma ya saya wa yaron fitila mai caji da ƙaramar fanka kafin watan Maris, kada kuma ya sa tallafin wakafi a lissafinsa sai an ba shi a rubuce, da sharuɗɗan samunsa da na rasa shi. Ni dai na biya kuɗin shekara ta uku. Tare da rasit ɗin na miƙa wa ma'aji wasiƙa mai sa hannun iyaye goma sha ɗaya, muna roƙon a riƙa manna takarda ɗaya a allon sanarwa na resto a ƙarshen kowace shekara, mai nuna abin da wakafi ya samar, da abin da aka kashe a abinci da tallafi da gyara, da abin da ya rage, da sunayen 'yan kwamiti, da sa hannun wani mai binciken lissafi daga waje. Na kuma ce idan rashin mai tsarawa ne, ni zan zauna da su kyauta in tsara. Ma'aji ya karanta har ƙarshe, ya ninke ta biyu, ya ce zai gabatar wa kwamiti a zamansu na bayan Sallah. Da na fito na bi ta bayan ɗakunan kwana, na tarar da tsoho mai gadi a kan tsani da bokiti da tsumma yana goge allunan sola, ya ce 'yan matan ne suka roƙe shi, su ne kuma suka haɗa masa kuɗin goro.